Belin da Muka Sani a Takarda

A zanen gaɓoɓin furuci da muke nuna wa ɗalibai, akwai wata 'yar tsoka mai reto a ƙarshen hanɗa, daidai inda kogon baki da na hanci suke haɗuwa da maƙoshi. Ita ce beli. Da yawa daga cikinmu a takarda kurum muka san ta, domin tun muna cikin tsumma wanzami ya ɗauke mana ita, wai kada ta kumbura ta toshe maƙogwaro.

Alhali kuwa tana da aikinta. In za mu haɗiyi lomar tuwo, ita da hanɗa ne suke ɗagawa su rufe ƙofar hanci, kada abinci ya ɓace hanya. Sai dai Hausa ba ta da sautin da ake furtawa a beli, irin ƙaf ɗin Larabci, wanda tuni muka mayar da shi ƙ. Shi ya sa mawaƙanmu da maroƙa ba su taɓa kuka da rashinta ba.

Masu kukan su ne iyayen jaririn da jini ya ƙi tsaya masa, ko wanda ƙarfen da ba a tafasa ba ya jawo masa cutar sarƙewar haƙora.