Ba Kowane Mai Tafiya Sannu Ne Malalaci Ba

Shekaru kaɗan da suka wuce, sa'ad da nake koyar da Turanci a aji huɗu, akwai wani yaro ɗan jeka-ka-dawo wanda kusan kullum sai an gama taron safe yake isowa. Daga tagar ofishin malamai nakan hango shi tafe sannu-sannu, kai a sunkuye, sai ka ce ƙararrawar da aka buga ba ta shafe shi ba. Na hore shi har na gaji. A ƙarshen zango na rubuta kalma ɗaya a takardar sakamakonsa, wato dawdle. Ma'anarta ɓata lokaci a hanya da gangan, kamar yaron da aka aika kasuwa ya tsaya kallon masu wasa da biri.

Da aka dawo hutu na ba su aikin rubutu a kan yadda suke zuwa makaranta. Yaron nan ya rubuta cewa yakan yi stroll kowace safiya. Na ce a raina, ga shi ya tona kansa, gama stroll tafiyar shan iska ce, ta wanda ya ƙoshi, ba mai jiransa. Amma da na ci gaba da karantawa, sai jikina ya yi sanyi. Ashe da carar zakara yake tashi, ya ɗebo wa kakarsa ruwa, sa'an nan ya kama hanyar kilomita bakwai. A watan Agusta kuwa sai ya riƙe takalmi a hannu, ya ratsa laka, ya haye rafi.

Na kira shi na ce, "Yarona, me ya sa ka zaɓi wannan kalma?"

Ya ce, "Malam, na ga tana nufin tafiya a hankali."

Shi ya kuskure kalma don bai sani ba. Ni na kuskure don ban tambaya ba. Washegari na jingine darasin ranar, muka bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar da ta dace da shi ita ce trudge: tafiya da nauyin ƙafa saboda gajiya, ko kaya, ko muguwar hanya irin ta laka da rairayi. Mu sai mu ce yana tafe tinƙis-tinƙis. 'Yar'uwarta ita ce plod, sai dai ita ta fi nuna naci, taki ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kamar shanun huɗa. Mawaƙin Ingila Thomas Gray, a waƙarsa ta 1751, da ita ya kwatanta manomi mai komawa gida da yamma. Ana kuma faɗinta ga ɗalibin da ke bin littafi mai wuya shafi-shafi har ya kai ƙarshe. Shuffle jan ƙafa ne, ba a ɗaga ta daga ƙasa, irin na tsoho ko marar lafiya. Limp ɗingishi ne, ƙafa ɗaya ce ke ciwo. Stagger kuwa tangaɗi ne, mutum na dab da faɗuwa. Ku lura da rubutu kuma: plod takan zama plodded da d biyu, trudge kuwa takan yar da e ta zama trudging.

Dukansu tafiya ce marar sauri, amma kowace tana faɗin dalilinta. Wata ta ce gajiya, wata ciwo, wata hutu, wata lalaci. Wanda ya musanya su bai yi kuskuren nahawu kaɗai ba, yana iya ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba.

A gaban aji na roƙi yaron gafara, na kuma je wurin shugaban makaranta aka gyara takardar. Makararsa ba ta ƙare gaba ɗaya ba, gama hanya ba ta ragu ba, amma bulala ta ƙare.

Ya ku 'yan aji shida masu barinmu bana, in kun zauna jarrabawar WAEC, kada ku ɗauki kalma don ta yi daɗin ji. Ku tambayi kanku, me ya sa mutumin nan yake tafiya sannu? In kun fita duniya ma, ku yi wannan tambaya kafin ku yanke wa kowa hukunci. Allah ya ba ku nasara.