Tsuntsun da bai san gudu ba

Ran Talata a darasin halittu na lika wa ƴan ajina hotunan tsuntsaye biyu a allo. Dangi ɗaya ne, masana na ce musu Turdus.

Na farko, Turdus pelios, ya bazu tun daga Senegal har Sudan, yana kiwon tsutsa da ƴaƴan itace har cikin garake. Ƙungiyar IUCN ta sa shi sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Na biyu, Turdus xanthorhynchus, babu shi ko'ina a duniya sai kurmin kudancin tsibirin Firinsife, a ƙasar Sawo Tome. Tun 1928 ba a sake ganin shi ba sai 1997, kuma yau yana dab da ƙarewa.

Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Mushe, me ya raba su, alhali ƴan uwa ne?"

Na ce ɗaya gidajensa da yawa, ɗaya gidansa guda. Na tsibirin kuma ba ya tsoron mutum, maharbi na samun shi cikin sauƙi, birran da aka kai tsibirin suna ɓarnar sheƙarsa.

Sai na hangi wani yaro yana tura danƙon harbinsa ƙarƙashin tebur. Ban tsawata masa ba. Ni ma na harba ina yaro, ban taɓa tambayar nawa suka rage ba.

Aikin gida da na ba su shi ne kowa ya tambayi kakarsa wane tsuntsu ta daina gani. Ni ma zan tambayi innata.