Ɗan Sanda Ma Ɗan Wani Ne

Ina ɗakin kwananmu a jami'a ranar Litinin, 26 ga Mayu, 2025, sai mahaifiyata ta bugo waya, muryarta na rawa, ta ce gari ba lafiya. Wani saurayi da 'yan sanda suka kama saboda tuƙin babur ya rasu, matasa sun fusata sun auka wa caji ofis na Rano, sun cinna wuta, sun yi wa babban jami'in ofishin rauni, shi ma ya cika a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Abin da na fara tambaya shi ne, ina ƙanena? Domin shi ma ɗan babur ne, kuma mai saurin fushi. Allah ya taimake mu yana gona.

Da na je hutu sai na tafi gaishe da limamin unguwarmu, wanda a zaurensa na yi karatun allo. Na ce, "Allah gafarta Malam, ta yaya aka kai ga haka a garin Autan Bawo?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, laifinmu ne. Saurayin da ɗan sandan duk a bayanmu suke salla, kafaɗa da kafaɗa, amma ba mu taɓa zaunar da su a tabarma ɗaya ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Lalle kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zamanin En'e, ɗan doka ɗan gari ne, an san gidansu, ko da yake shi ma ba a rasa kuka da shi ba. Yau kuwa ɗan sanda ma'aikacin Tarayya ne, sau da yawa baƙo, ba ya haɗuwa da saurayi sai ranar kamu. To ina yarda za ta fito?

Ba wai babu hanya ba. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma. Amma galibi dattawa ne a ciki, mu da ake kamawa ba a jin ta bakinmu.

Malam ya fara da abin da yake iyawa. Ya gayyaci wani ɗan sanda da ke haya a unguwarmu, ya zauna da samari bayan la'asar. Da farko kowa ya ɗaure fuska. Can ƙanena ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, da gaske beli kyauta ne?" Ya amsa masa da cewa haka doka ta ce, kuma ba ta yarda a tsare mutum kwana da kwanaki ba a kai shi kotu ba. Shi ma ya faɗi nasa, watau yadda matarsa ba ta runtsawa in yana aikin dare. Ba a tashi an zama aminai ba, amma an gaisa hannu da hannu.

Saboda haka ina kira ga limamanmu da fastocinmu na Rano da Kibiya da Bunkure, kada su jira sai ranar jana'iza. Su leƙa caji ofis su ga waɗanda ke tsare, su gaya wa jami'i gaskiya in ya yi zalunci, su kuma gaya wa saurayi cewa ɗaukar doka a hannu ba ya ta da mamaci. Zumunta a ƙafa take, 'yan'uwa ɗalibai, mu ma sai mu raka su.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da garinmu lafiya, amin.