Ranar Sallama

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya lulluɓe Damagaram da hazo, aka sallami wata yarinya ƴar shekara 13 daga asibiti, bayan ta kwana huɗu tana kokawa da numfashi. Kakarta ce ta yi jinyarta. Tun da asuba tsohuwar ta naɗe tabarma, ta ɗaure kwanoni a zane, takarda kawai take jira. Da takardar ta zo, da Faransanci aka rubuta ta, ita kuwa ba ta taɓa shiga lakwal ba.

Malamar asibitin ta lura da yadda take jujjuya takardar. Ta ce, "Inna, ku ɗan zauna. Wane ciwo kuka ce ke damun ɗiyar nan?"

"Fuka ce, ɗiyata. Tun bara na ware mata kofi da kwano, kada ƙannenta su ɗauka."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ashe shekara guda ke nan ita kaɗai take cin abinci, duk saboda kalma ɗaya da ta haɗa cututtuka biyu a bakin mutane. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska, yana kuma warkewa da maganin wata shida. Asma kuwa ba a ɗaukarta. Hanyoyin iska ne a cikin huhu ke kumbura su ƙuntata, har a ji ƙirji yana fito. Ba ta da maganin da ke raba mutum da ita, amma ana iya zama da ita lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda magani da bayani suka yi ƙaranci.

Malamar ta ajiye magungunan shaƙa guda biyu a kan gado. Shuɗin, wato Ventoline, na buɗe ƙirji ne idan numfashi ya sarƙe. Ɗayan shi ke kwantar da kumburin, ana shaƙarsa safe da yamma ko da lafiya lau ake, a kurkure baki bayan an gama. Shi ne mutane suka fi saurin bari, domin ba a jin aikinsa nan take.

Sai ta ɗauko gorar ruwa ta roba mai rabin lita, wadda aka huda gindinta daidai bakin maganin. A girgiza, a fesa sau ɗaya a cikin gorar, yarinya ta ja numfashi sau biyar a hankali. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa irin wannan gora tana aiki kamar abin da ake saye da tsada. Ba ta bar su ba sai da jika ta gwada, kaka ma ta gwada.

Daga nan aka shiga zancen gida. Hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa duk suna tayar da ciwon. A koma ga sange, a yayyafa ruwa kafin shara. Idan kuwa yarinya ta kasa ƙarasa magana don haki, ko haƙarƙarinta yana lotsawa, ko shuɗin bai yi aiki ba, kada a jira gari ya waye. Ko lafiya ake, a dawo cikin mako a duba ta.

Saura lakwal, inda take wuni. Malaminsu ya ɗauke mata sharar aji da goge allo, ya yarda maganinta ya zauna a jakarta. Wasa kuwa bai hana ta ba.

A daren da suka koma gida, da aka kawo tuwo, tsohuwar ta ɗauki kwanon nan da aka ware, ta juye shi cikin na yara. Ta ce, "Matso, ki ci da ƴan'uwanki."