Wasiƙa daga Burukilin

Yaya,

Kuɗin da na turo a sayi taki, sauran na maganin Inna ne. Na ji ana cewa na daɗe. Yaya, ba daɗin Amurka ne ya riƙe ni ba. In na tattaro na dawo yau, wa zai ɗauki wannan nauyi?

Shagon da nake kai wa kaya yana Borough Park, unguwar Yahudawa masu riƙo da addininsu. Makarantarsu ta addini yeshiva suke ce mata. Ga makarantun gwamnati nan kyauta, amma ba sa kai 'ya'yansu can. Tasu kuwa biya ake yi, dubban daloli a shekara kan kowane yaro, ga su da haihuwa kamar mu.

Wani abokin aikina daga cikinsu, dattijo mai 'ya'ya da yawa, na tarar da shi yana jera takardu a kan kwali yana share gumi. Wai ragi zai nema a makaranta. Ashe kafin a rage wa uba ko sisi, sai ya kai wa kwamiti takardar harajinsa, da ta banki, da kuɗin hayarsa, har motar da yake hawa sai an tambaya. Waɗanda za su duba kuwa, wataƙila gobe wuri ɗaya za su yi ibada da shi! Yaya, ina rufin asiri? Magidanci da furfurarsa ya shimfiɗa talaucinsa a tebur, ana bi layi-layi da biro, don kawai ɗansa ya san littafin addininsa? Na ce masa a garinmu malam kallon fuskar uba kawai zai yi ya gane, ba mai cewa uffan. Ya ce in ba a duba ba, mai hali zai cinye rabon marar hali, malamai kuma albashi suke jira. Na ji, amma har yanzu abin bai kwanta mini ba. Ilimin da aka fara da zubar da mutuncin uba, ina albarkarsa?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin ɗalibinsu da kwano a titi ba. Suna da asusun rance marar ruwa, gemach, kuma da yawansu kan ware ɗaya bisa goma na samunsu don sadaka. Dattijon ya ce a da, a gabashin Turai, ɗalibansu ma gida-gida suke ci, kowace rana da gidanta, sai makarantar Volozhin da aka buɗe a 1803 ta riƙa aika wakilai gari-gari suna tara gudummawa don ta ɗauki nauyinsu. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, na tuna ƙaninmu lokacin da aka kai shi gabas, da yadda ya dawo da kirci a kai.

Ba cewa nake mu kwaikwaye su ba, Allah ya kiyaye. Amma ka rubuto mini tsakani da Allah: nawa yara ke kai wa malamin garinmu kuɗin Laraba yanzu, kuma yana isarsa cefane kuwa? In bai isa ba, ka cire daga abin da zan turo ƙarshen wata ka cika masa, kada ya san daga ina ya fito.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa mini albarka.

Ƙaninka.