Abin Da Inci Guda Ya Koya Mini

Masu iya magana sun ce, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni a hutun da ya wuce, musamman waɗanda da keken ɗinki suke haɗa kuɗin makaranta kamar ni.

Ni mutuniyar Gaya ce, a ɗakin gwaggona na tashi, wadda ta daɗe tana ɗinkin mata da wani tsohon keke Butterfly. Da idonta ya yi rauni, sai aikin ya riƙa dawowa hannuna in na je hutu. Ana nan, sai wata mata ta zo daga Ajingi da 'yarta da turmin atamfa guda daga cikin lefe, tana son riga da zani, biki saura kwana 4. Na auna amarya, ƙirji inci 36, ƙugu inci 30. Na ɗauko takardar siminti da na taɓa zana wa wata mai irin wannan awo, na ɗora, na yanka, na ɗinke.

Da suka dawo gwaji, sai riga ta ɗage ta gaba, ta kuma tattare a sama da ƙirji. Uwar ba ta ce uffan ba, ragowar ƙyallen kawai ta duba. Turmi yadi 6 ne, zani da ɗankwali sun ci nasu, ni kuwa ba ni da kuɗin sayen wani.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, matso da ita." Ta bi rigar da hannu a jikin amarya, sannan ta ce, "Awonki daidai ne, dat ɗinki ne ba ya wurinsa."

Ga wanda bai sani ba, dat shi ne ɗan ninkin nan mai kama da tsinin mashi da ake ɗinkewa ta ciki, domin yadi, wanda yake shimfiɗaɗɗe, ya bi tudu da kwarin jiki. Tsininsa tilas ya fuskanci tudun ƙirji, ya tsaya kamar inci 1 kafin ya kai. To, tudun ƙirjin amarya ya fi na waccan sauka da inci guda, kuma cikar jikinta ta fi yawa a gaba. Wato mutum biyu sai su yi awo ɗaya, amma riga ɗaya ba ta zauna musu ba.

Na ɗauki reza zan farke, Gwaggo ta hana ni, ta ce, "Takarda tukuna. In kin ɓata takarda, ba ki ɓata lefen kowa ba." Na zana murabba'i na kewaye dat ɗin da ke takardar, na yanke shi, na saukar da shi inci 1, na ɗan ƙara faɗin bakinsa, na manne. Muka gwada da tsohon zanin gado, ya zauna. Sannan na farke atamfar. Allah Ya taimake ni ban datse cikin dat ɗin farko ba, na kuma bar kalmasa mai faɗi, ita ce ta cike tsawon da gaban rigar ya rasa. Guga ta ɓatar da sawun allura.

Ranar da suka zo karɓa, uwar ta juya 'yarta gaba da baya, ta ce, "Allah Ya yi miki albarka." Kuɗin ɗinkin nan da shi na hau mota ta Wudil na dawo makaranta.

Tun daga ranar, duk wadda zan yi wa riga sai na auna daga kafaɗarta zuwa tudun ƙirji, ko da na sha yi mata ɗinki. Tef yakan faɗi yawan inci, amma ba ya faɗin inda suka taru, wannan sai ido da hannu. Allah Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, amin.