Sha'awata ta Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. A makarantar nan tamu wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu wasan kwaikwayo. Ni kuwa, ba abin da raina yake so kamar ɗaukar hoton jirgin ƙasa. Da yake dokar makaranta ta hana riƙe waya, sai an yi hutu nake aron ta yayana in nufi tashar garinmu, Zariya.

Abokaina sukan yi mini dariya, wai me zan gani a jikin ƙarfe? Amsata ita ce, ƙarfen nan tarihi ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma a kansa aka riƙa kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Daga Zariya aka ja reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. An taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Yau wanda yake son ganin kawunan jirgin da suka bi shi, sai ya je gidan kayan tarihi na Jos.

Aikin nan yana da ladubbansa. Na farko, ba na ɗaga waya sai na gaida shugaban tasha na nemi izini. Na biyu, ba na tsayawa a kan dogo ko kusa da shi, domin jirgi ba mota ba ne, ko an taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Na uku, nakan ba rana baya, da hantsi ko da la'asar, don haske ya sauka a goshin jirgi. Kowane kan jirgi da lambarsa, saboda haka ina da littafi inda nake rubuta lamba da rana da wuri. Hoton da ba kwanan wata, rabin amfaninsa ya tafi.

Da na je Kaduna wurin kawuna, na ɗauki jirgin Abuja a Rigasa, layin da aka buɗe a 2016. Da na jera hoton da na gida, sai bambanci ya fito fili: faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435. Ashe shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa layin wancan.

Abin da yake damuna shi ne tsofaffin taragai da suke yashe cikin ciyawa. Tsatsa tana cinsu, masu sayen gwangwan kuma ba sa barci. Kakana ya ga masu cin kwal suna tuƙa hayaƙi, amma ba shi da hoto ko ɗaya da zai nuna mini, sai labari. Gani kuwa ya kori ji. Ba na so jikokinmu su tambaye mu, mu ma mu tsaya ba su labari kawai.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu kada su ɗauki wannan sha'awa shiririta. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, wanda duk garinsu yake da tasha, in an yi hutu ya ɗauko mana hoto, mu haɗa kundi mu ajiye a laburaren makaranta. Allah ya ba mu sa'a, amin.